Shekarar da Waya ta Yanke Baffanku daga Hoto

Ku matso kusa, 'ya'yana da jikokina, akwai maganar da nake so in gyara tun ina da sauran numfashi. Na sha jin ana ba da labari a wurin biki wai ni Inna na hau mota na je Rano na kunyata Baffanku Alhaji a gaban iyalinsa. Wata jikata ma cewa ta yi an gaya mata har tebur na buga masa. Wane tebur? Falon Alhaji tabarma ce da kilishi har ya bar duniya. Ba haka aka yi ba, kuma tunda bawan Allah ya riga mu gidan gaskiya, bai kyautu a bar maganar tana yawo a kansa ba. Rubutuna na ajin yaƙi da jahilci ne, sai ku yi haƙuri da shi, amma kunnena bai taɓa cutata ba. Abin da aka faɗa a gabana yana nan daram.

Islamiyyar da ke bayan gidanmu a Kibiya su uku suka kafa ta a gonar mahaifinsu: Alhaji na Rano, wanda shi ne babba, sai mahaifinku Malam, Allah Ya jiƙansa, sai ƙaninsu Malam Idi na Fammar. Alhaji ne ya sayi kwano da siminti, Malam Idi ya yi ta jigilar ƙasa da amalanke, Malam kuwa ya zauna ya koyar har ƙarfinsa ya ƙare. To da yake shi yara suke gani kullum, sai gari ya riƙa cewa makarantar Malam, makarantar Malam. Alhaji bai taɓa cewa komai ba, amma na san abin yana ɗan taɓa shi.

Shekara uku da rasuwar Malam sai tsofaffin ɗalibai suka ce za a yi babbar walimar sauka, a gayyato duk wanda ya taɓa riƙe allo a wurin, na Kano da na Abuja har na Ikko. Suka ce a yi wa makaranta shafi a intanet yadda kowa zai buɗe a wayarsa ya ga rana da tsari. Malam Idi ya ce ba sai an je neman bare ba, ga Balki. Balki autata a lokacin ta gama karatun kwamfuta a Kano ta dawo gida ta zauna, babu aiki. Mata in sun zo karɓar ɗinki sai su dube ta a gaban kwamfutarta su ce, har yanzu ana ta danne-dannen? Tana dariya, amma ni uwa ce, ina ganin abin da ke bayan dariyar. Wannan ne aikin farko da aka ɗora mata da sunanta.

Ni dai kun san ni, ba mai fita ba ce. Daga ɗaki sai rumfa, daga rumfa sai kan keken ɗinki, amma bakina ba ya hutawa. Ina taka keke tana danna kwamfuta, ina yi mata tambaya kamar mai binciken sata. A haka na gane shafi rubutu biyu gare shi. Ɗaya yana faɗin abin da ke ciki, ɗayan kuma, wanda suke ce wa si-es-es, shi yake faɗin yadda abin zai yi ado: wane launi, me zai zauna sama, me zai koma gefe. Na ce mata ashe na farkon shi ne jikin mutum, na biyun kuma tela. Ta ce Inna, da kin yi boko da mun shiga uku.

Akwai hoto guda ɗaya tak da su ukun suke tare, a gaban ajin farko tun yana na ƙasa. Malam Idi a hagu, mahaifinku a tsakiya kan kujera, Alhaji a tsaye daga dama. Balki ta shimfiɗa hoton a bayan shafin kamar labule, ya cika fuskar waya, sunan makaranta da ranar walima suka zauna daga ƙasa wajen ƙafafunsu. Da ta buɗe mini a wayata sai da na ajiye almakashi. Malam ne sak, da hularsa da ta ɗan karkace, da wannan murmushin da yake yi kamar an kama shi yana laifi, ga shi babba har ina ganin furfurar gemunsa. Tun da aka fita da shi ban gan shi kusa haka ba. Daga ranar, in na idar da sallar asuba sai in buɗe in dube shi kafin in hura wuta. Ban gaya wa kowa ba.

Ranar Laraba Balki ta tura shafin a guruf ɗin dangi. Aka yi ta sa albarka, masu tura addu'a na yi, masu tura hoton tafi na yi. Bayan la'asar sai ga saƙon murya daga Rano. Muna rumfa ta kunna, kuma ban manta ko kalma ɗaya ba.

"Na ga aiki. Allah Ya yi albarka. Makaranta ta mutum biyu ce ashe, to Allah Ya ba su lada. Ni da aka bar wa hannun riga a hoto, sai a cire sunana daga takardar gayyata, kada a wahalar da mai bugawa."

Balki ta kira shi nan take. Ina jin ta tana cewa wallahi Baffa kana ciki, ga ka nan ina kallonka. Shi kuwa ya ce ga waya a hannunsa, mutum biyu yake gani da hannun farar riga, ko ita za ta koya masa gani? Sai ya sake tura wata muryar a guruf, gaban kowa da kowa, ya ce yankewar bai dame shi ba kamar rantsuwar. Ya ce bai taɓa zaton 'yar ƙaninsa za ta kama sunan Allah a kan ƙarya ba.

Wannan kalma ita ta kwantar da yarinyata. Ta rufe kwamfuta ta tura ƙarƙashin gado, ta ce ta bar aikin, gara ta koyi ɗinki a wurina. Malam Idi ya shiga tsakani, ya je Rano ya ce wataƙila fuskar wayar Alhaji ce ƙarama. Nan ma abin ya ƙara lalacewa. Domin wayata Alhaji ne ya saya mini bayan na fita takaba, rana ɗaya ya sayi uku iri ɗaya a shago ɗaya, tasa da ta matarsa Hajiya Uwani da tawa. Ya ce wa Malam Idi, in a wayar uwarta ina ciki a tawa ba na ciki, to shafi biyu suka yi ke nan, ɗaya na nuna wa kansu, ɗaya na aiko mini. Malam Idi ya dawo ya zauna a zaure. Saura kwana goma sha biyu walima.

Ni na san 'yata ba ta ƙarya. Na kuma san Alhaji ba ya ƙarya. Mutum biyu masu gaskiya suna kallon abu ɗaya suna ganin abu biyu, wannan shi ya hana ni sukuni.

To lokacin ana ta kawo mini ɗinkin ankon walima, rumfata cike da mata daga safe har azahar. Sai na ɗauki wata dabara. Duk wadda ta shigo, kafin in gwada ta sai in ce buɗe mini shafin makaranta a wayarki, ki ajiye a tabarma. Suka ɗauka alfahari nake yi da aikin 'yata, suna ta tsokanata. Kafin azahar waya tara ce a jere. Ikon Allah! A wasu su uku ne cif. A wasu biyu Malam Idi ne da Malam, sai hannun riga, kamar yadda Alhaji ya faɗa. A wayar wata amarya 'yar Tarai kuwa hoton kumbura ya yi, babu abin da ake gani sai kunnen Malam da gefen hularsa, har mata suka ce yau ga Malam ya dawo sauraron haddarmu. Na yi dariya, amma kunnena yana wani wuri. Domin da mai ƙosai ta zo buɗe tata na ji ta ce bari in shiga ta wadda ba ta cin data. Can da matar liman ta zo, ita ma na ji ta ce wa 'yarta, ba nan ba, danna waccan da mai caji ya saka mini, wadda ba ta cin data. Na duba tabarma. Wayoyin nan biyu su ne suka yanke Alhaji.

Na ƙwala wa Balki kira. Ta fito ido a kumbure. Na ce mata, shin wannan shafi naki ƙofa nawa ake shigarsa? Na gaya mata abin da na ji. Ta tsaya tana kallon wayoyin, sai ta ɗora hannu a ka ta ce, burauza ce, Inna, burauza ce! Ta durƙusa ta yi ta ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya. Daga baya ta yi mini bayani a hankali. Ta ce burauza ita ce abin da mutum yake dannawa ya shiga intanet, kuma iri-iri ce, kowacce da yadda take karanta umarnin tela. Ita ta rubuta cewa hoton ya cika fuska, ya tsaya cak ko ana jan rubutu sama. Wadda ta zo da wayarmu ta ji ta bi. Mai tsimin data ba ta san wannan umarni ba, sai ta fara shimfiɗa hoton daga kusurwar hagu, inda fuskar waya ta ƙare nan ta tsaya, na dama ya faɗa waje. Ta amarya kuwa ja ta yi ta yi wa hoton don ya kai tsawon shafin gaba ɗaya. Balki a kwamfutarta da wayata kawai ta gwada, duka ta ƙofa ɗaya, shi ya sa ba ta gani ba.

Ta jawo kwamfuta daga ƙarƙashin gado ta kama gyara. Kwana uku tana fama. Na roƙi mata uku suka riƙa bar mana wayoyinsu da rana. In ta ce hoto ya zauna a tsakiya, sai Alhaji ya dawo da rabin fuska, Malam Idi ya rasa kafaɗa. In ta rage shi ya shiga duka a wannan, sai a waccan ya maimaita kansa, ka ga Alhaji uku a jere kamar masu jiran mota. In ta gyara wa mai ƙosai, ta amarya ta ɓaci. Rana ta uku na ga ta dafe kai, sai na tsayar da keke.

Na ce mata, Balki, shekara nawa ina zaɓar wa mutanen garin nan anko? Kin taɓa ganin na zaɓi atamfa mai ƙaton fure? Ba na yi. Ƙaton fure sai mutum ɗaya, ki auna shi ki zaunar masa da furen a ƙirji. Amma anko jiki hamsin ne zai saka. A jikin siririya furen zai yanke rabi, a jikin mai ƙiba ya koma mazaunai, a yi ta dariya a wurin biki ana cewa tela ce ba ta iya ba. Anko sai mai ƙananan zane, wanda ba shi da kai ba shi da ƙafa, duk inda almakashi ya bi daidai ne. Shafin nan naki anko ne, waya dubu za ta saka shi. Ki cire fuskar mutane daga bayan nan, ki sa abin da ko an yanke shi ba a yanke kowa ba. Hoton kuma ki ba shi gurbinsa daban, ki kewaye shi, ya shiga duka ko kada ya shiga.

Ta kalle ni. Ta ce zai yiwu, kuma babu burauzar da za ta yi gardama da wannan. Amma in dai ana so su ukun su fito a faɗin waya, sai hoton ya ƙanƙance sosai. Sannan ta ce, a hankali:

"Inna, ai ina ganinki da asuba."

Ashe ta sani. Na ji kunya kamar budurwa. Na ɗauki tsinken kwance ɗinki ina juya shi, na ce mata ta yi abin da na ce. Muka ɗauko tsohuwar tabarmar kaba da Malam yake zama a kai yana biya wa yara, ta ɗauki hoton wuri kamar tafin hannu, ta umarci shafin ya yi ta maimaita saƙar har ƙasa. Ta gwada a waya huɗu, ta kowace ƙofa, abu ɗaya. Tana shirin sakin sabon sai na riƙe hannunta. Na ce kada ki taɓa tsohon tukuna. In kika gyara yanzu, Baffanki zai ce an ji kunya ne aka mayar da shi, kalmar da ya faɗa a kanki kuma ta zauna har abada. Ki saka mini mai tsimin datan nan a wayata, ki nuna mini inda zan danna. Gobe za ni Rano.

Ku yaran yanzu ba za ku san nauyin wannan ba. Alhaji wan mijina ne. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, maganarmu ba ta wuce ina kwana da ina gajiya, ni a durƙushe ina kallon ƙasa. Ko ta'aziyyar Malam ta bayan labule ya yi mini. Ga ni kuma rabona da Rano tun Malam yana da rai. A mota ina ta maimaita dannawar a zuciyata kamar mai tilawa, wannan sannan wannan, kada in je in rikice.

Hajiya Uwani ta tarbe ni da mamaki, ta ce lafiya, yau Kibiya ta yi ɓari? Na ce ta taimaka ta sallami yara da surukai zuwa can ciki, ta rufe ƙofar falo, sannan ta kira mini Alhaji. Wannan ku riƙe shi da kyau: mu uku ne kawai a ɗakin. Ya shigo ya zauna kan kilishi, na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Na juya gefe ina fuskantar bango, na danna ƙofar farko a wayata, na miƙa wa Hajiya ta miƙa masa. Su uku. Ya ce ai ya ji labari, wannan ne nasu. Na karɓa na danna ta biyu, na sake miƙawa. Mutum biyu da hannun riga. Waya ɗaya, ko minti ɗaya ba a yi ba. Sai na roƙi Hajiya ta karɓi tasa wayar, ta bar wadda ya saba dannawa, ta shiga ta wadda ta zo da wayar. Ta yi ta lalube, ina gaya mata daga inda nake. Can ta ce, la, Alhaji, ga ka.

Ya daɗe yana kallo. Ya koma waccan ya dawo wannan, da kansa, ya fi sau uku. Ni dai ina kallon bango ina jin ƙarar fanka. Da ya buɗe baki sai ya ce:

"Mai cajin bakin tasha ne ya saka mini ita. Ya ce za ta riƙa rage mini. Bai ce ni za ta rage ba."

Hajiya ta tuntsire da dariya, ni ma na danne tawa da mayafi. Da na ji ɗakin ya yi sauƙi sai na faɗi abin da ya kawo ni, wanda shi kaɗai ne dogon zancen da na taɓa yi masa a duniya.

"Yaya Alhaji, ranar da aka ɗauki hoton nan ina leƙe ta katanga. Kujerar tsakiya taka ce, kai ne babba. Kai ka tashi ka zaunar da ƙaninka saboda ciwon ƙafarsa, ka koma gefe ka tsaya. Da kana tsakiya da babu wayar da za ta taɓa ka. Gidan da ya ga wannan da idonsa ba zai yanke ka ba. Yarinyar nan kuskure ta yi na aiki, ba ta gwada ko'ina ba, kuma ta gyara. Amma ba ta yi rantsuwar ƙarya ba."

Na ji ya ja hanci, ya tashi ya fita. Na zauna ina cewa a raina shi ke nan, na ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba. Hajiya ta kawo mini abinci na kasa ci. Sai da ya sa aka kai ni tasha, ina cikin mota mun wuce gari, na ji wayata ta yi ƙara. Saƙon murya ne a guruf. Na kara a kunne.

"Jama'a, a nan na yi magana, a nan zan janye ta. Rantsuwar Balki gaskiya ce. Idona ya gani daidai, zatona ne bai yi daidai ba. Kada a taɓa takardar gayyata."

Ke nan. Bai ƙara ba, bai kuma taɓa tayar da zancen da ni ba har ya rasu. Wata mata da ke kusa da ni a motar ta ce Hajiya lafiya kike kuka? Na ce mata lafiya lau, 'yata ce ta ci jarrabawa.

Ranar walima ya zo tun hantsi, ya zauna a gaba. Da Balki ta je gaishe shi ya miƙa mata wayarsa ya ce Injiniya, duba mini ko yau ma an rage ni. Daga ranar sunan ya bi ta. Yanzu kun ga inda aikinta ya kai, daga masu shagon iri a Rurum Sabon Gari har asibitoci masu zaman kansu a Kano suna nemanta, kuma har gobe ba ta miƙa wa kowa shafi sai ta gwada shi ta kowace ƙofa, a sabuwar waya da tsohuwa. Zancen kunyatawa kuwa surukan da aka kora ciki ne suka ƙirƙiro shi, don ba su ji komai ba, kuma mutum in bai ji ba sai ya ƙera.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, in ban da Balki, shi ne washegarin sakin sabon shafin. Na idar da asuba na buɗe kamar kullum. Ga saƙar tabarma ta cika waya, ga su uku a ɗan gurbinsu, babu wanda ya rasa ko yatsa. Amma fuskar Malam ta koma kamar ƙwayar gyaɗa. Na matso da ita, na nesanta, na saka tabarau, murmushin ba ya fitowa. Balki ta ce za ta ciro mini fuskarsa ita kaɗai ta cika mini waya da ita, aikin minti biyu ne. Na ce a'a. Ba zan sa a yanke mutum biyu da gangan ba, bayan na je har Rano na ce gidanmu ba ya yanke kowa. Haka nake kallonsa har yau, ɗan mitsitsi, da wansa a dama da ƙaninsa a hagu.

Wasu cikinku za su ce taurin kai ne irin na tsofaffi, ai waya tawa ce, wa zai gani? Wataƙila kuna da gaskiya. Amma ku gaya mini, da ku ne a wurina, wanne za ku zaɓa ku riƙa buɗe ido da shi kowace safiya: mahaifinku babba shi kaɗai, ko ƙarami a tsakiyar 'yan'uwansa?